Binciken Kimiyya Dashen Dabino Ne

Ranar Laraba, 6 ga watan Oktoba na shekarar 2010, Cibiyar Nazarin Kimiyya ta ƙasar Suwidin ta ba da sanarwar cewa mutum uku ne za su raba lambar yabo ta Nobel ta fannin ilmin sinadarai ta wannan shekara, watau Richard Heck na Amurka, da Ei-ichi Negishi da Akira Suzuki, 'yan ƙasar Jafan. Biyun ƙarshe ba su yi wa 'yan jarida wuyar samuwa ba, domin suna nan a garuruwan da aka san su da zama. Heck kuwa sai da aka bi shi har ƙasar Filifin, inda yake zaune tare da matarsa, shekara 21 bayan ya rufe ɗakin gwaje-gwajensa ya bar aikin jami'a. Aikin da aka yaba masa a kai ya yi shi ne tsakanin 1968 da 1972. Sa'ad da ya yi ritaya a 1989 bai cika shekara sittin da haihuwa ba, kuma wahalar samun kuɗin bincike tana cikin dalilan da suka sa ya ajiye aikin.

Wannan labari ya cancanci ya zauna a zuciyar kowane ma'aikacin gwamnati da aka ɗora wa alhakin tsara kasafin kuɗin ilmi, haka kuma kowane ɗalibin kimiyya da 'yan'uwa ke yawan tambayarsa amfanin karatun da yake yi. Gama abin da Heck ya gano, wanda masu riƙe da jakar kuɗi suka gaji da shi tun mutumin yana da sauran ƙarfinsa, yau yana cikin manyan hanyoyin da masana'antun duniya ke bi wajen haɗa magungunan hawan jini da na fuka da na sankara, da magungunan feshin amfanin gona, har da sinadaran da ke cikin allon talabijin da na wayar hannu. Duk hukumar da ta auna binciken kimiyya da ma'aunin shekara guda, kamar yadda ake auna kwangilar gina kwalbati, lalle za ta sare dabino don ba ta ga 'ya'ya a daminar farko ba.

Kafin a yi nisa ya kamata mai karatu ya san ainihin abin da mutanen nan suka yi. Jikin dukan abu mai rai, da abincin da ake ci, da mafi yawan magungunan da ake sha, an gina su ne a kan ƙwayar zarra ta kabon, watau sinadarin nan da ya fi yawa a cikin gawayi. Ƙwayoyin kabon sukan kama hannun juna su yi doguwar sarƙa, wani lokaci kuma sarƙar ta naɗe ta zama zobe. Mafi shahara a cikin zobban shi ne mai ƙwaya shida da ake kira benzin, wanda Michael Faraday ya fara tacewa a Landan a 1825, sa'an nan wani Bajamushe, August Kekulé, ya bayyana siffarsa ta zobe a 1865. Masana na farko sun laƙaba wa dangin benzin sunan "masu ƙamshi", saboda waɗanda aka fara sani daga cikinsu suna da ƙamshi, sunan kuwa ya bi su har yau, ko da yake da yawansu ba su da wani ƙamshi, wasu ma wari gare su.

Akwai kuma wani reshe na dangin, inda akan sami baƙo ya zauna a gurbin ɗaya ko biyu daga cikin ƙwayoyin kabon na zoben. Baƙon yakan zama naitirojin, ko oksijin, ko farar wuta. Waɗannan zobba masu baƙo ba baƙin abu ba ne ga mutanen ƙasar nan, sunansu ne dai ba a sani ba. Sinadarin da ke cikin goro mai hana barci irinsu ne. Shunin da marina ke samu daga baba irinsu ne. Kwinin da kulorakwin da aka daɗe ana sha don zazzaɓin cizon sauro su ma haka. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Arizona a 2014 ya nuna cewa kashi 59 cikin ɗari na magungunan irin waɗanda ake haɗawa da sinadarai, da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da su, suna ɗauke da aƙalla zobe ɗaya mai naitirojin.

To, amma zobe shi kaɗai ba ya warkar da kowa. Abin da ke mai da shi magani shi ne irin abubuwan da aka rataya masa, da kuma daidai gurbin da aka rataya kowanne. Misalinsa kamar makulli ne: ƙarfen duk ɗaya ne, haƙoran da maƙeri ya fitar su ke sa wannan ya buɗe kwaɗo, wancan ya kasa. Idan aka kauce da gurbi ɗaya tak, sai maganin ya zama ruwan banza, ko ma ya zama guba. Nan ne wahalar take, domin kabon ɗin da ke cikin zobe a ƙoshe yake, ba shi da marmarin kama hannun wani. A 1901 Fritz Ullmann ya nuna cewa jan ƙarfe yana iya haɗa zobba biyu, amma sai an dafa su da zafin da ya kai digiri 200 ko kusa da haka, kuma galibi zobe da ɗan'uwansa iri ɗaya yake haɗawa. Victor Grignard na Faransa, wanda ya sami lambar Nobel a 1912, ya gano yadda ake zuga kabon da ƙarfen magniziyam, sai dai kabon ɗin da aka zuga ta wannan hanya yakan yi zafin rai fiye da kima. Ɗigon ruwa yana lalata shi, kuma yakan afka wa sauran abubuwan da aka sha wahala aka rataya wa zoben. Watau dai masana sun daɗe tsakanin wanda ya ƙi motsi da wanda ya ƙi tsayawa.

Wanda ya raba wannan gardama wani farin ƙarfe ne mai suna faladiyam, ɗan'uwan filatinam, wanda William Wollaston ya gano a Ingila a farkon shekarun 1800. Yana cikin rukunin ƙarafan da ke tsakiyar jadawalin sinadarai, tare da baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da nikel da zinariya, waɗanda Allah ya hore wa halin karɓar abu su riƙe na ɗan lokaci sa'an nan su saki. Aikinsa aikin dillali ne. Da farko akan liƙa wa zobe na ɗaya wata alama, kamar aidin ko buromin, a daidai gurbin da ake so a yi haɗin. Faladiyam sai ya kutsa tsakanin zoben da alamar, ya riƙe zoben a hannu ɗaya. Zobe na biyu yakan zo ne a goye bayan wani sinadari, tutiya ko boron, faladiyam ya karɓe shi a ɗaya hannun. Da ya jawo su kusa da juna sai su ƙulla, shi kuwa ya zame ya fita yadda ya shigo, ya nufi wasu biyun. Bambancinsa da dillalin kasuwa shi ne ba ya cin la'ada, ba ya kuma ƙarewa a cikin cinikin, saboda haka ɗan kaɗan ake zubawa, sau da yawa ƙwayarsa ɗaya ga ɗari na kayan haɗi, wani lokaci ƙasa da haka nesa. Mafi muhimmanci kuma, ba ya taɓa kowane gurbi sai mai alama, sauran kayan adon zoben yakan bar su lafiya lau.

Ba dare ɗaya aka kai ga wannan ba, kuma ba mutum ɗaya ya kai ba. A ƙarshen shekarun 1950 kamfanin Wacker na Jamus ya fara amfani da faladiyam wajen sarrafa wata iska da ake samu daga man fetur, abin da ya jawo hankalin masana ga ƙarfen. Heck a lokacin ma'aikaci ne a kamfanin Hercules da ke Wilmington a jihar Delaware, kamfanin da ya samo asali daga sana'ar albarushi. A 1968 ya buga maƙala bakwai a jere a mujallar ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka, duka da sunansa shi kaɗai, inda ya nuna cewa faladiyam yana iya ɗaura zobe a jikin sarƙar kabon ba tare da tsananin zafi ba. Aibin hanyar tasa ta farko shi ne tana bukatar zaiba, wadda guba ce. A 1971 Tsutomu Mizoroki na Tokyo ya buga hanyar da ba ta bukatar zaiba, a 1972 kuma Heck, wanda ya riga ya koma Jami'ar Delaware, ya buga tasa da ta fi sauƙin aiki. Mizoroki ya rasu a 1980, lambar Nobel kuwa ba a ba mamaci. A wannan shekara ta 1972 Makoto Kumada a Jafan da Robert Corriu a Faransa suka yi irin wannan haɗi da nikel, Kenkichi Sonogashira ya zo da tasa a 1975, Negishi ya kawo ta tutiya a 1977, John Stille ya kawo ta kuza a 1978.

Tarihin Suzuki ya fi na kowa nuna tsawon igiyar. A 1956 Herbert Brown na Jami'ar Purdue a Amurka ya gano wata hanya ta haɗa boron da kabon, ba don yana neman maganin wata cuta ba, sai don yana son ya fahimci halin boron. A 1962 Suzuki, yana ƙaramin malami a Jami'ar Hokkaido, ya ci karo da littafin Brown a wani kantin littattafai a birnin Sapporo, ya karanta, ya nemi izni ya tafi wurinsa ya yi shekara biyu. Negishi ma a hannun Brown ya goge. Sai a 1979 Suzuki da abokin aikinsa Norio Miyaura suka haɗa ilmin boron da na faladiyam, a 1981 kuma suka nuna cewa hanyar tana ɗaura zobe da zobe. Fifikon hanyarsu shi ne sinadaran boron ba sa tsoron ruwa ko iska, ana iya ajiye su a kwalba kamar gishiri, gubarsu kuma kaɗan ce. Daga baya Richard Larock ya nuna a 1991 yadda faladiyam ke ƙera zobe mai baƙo tun daga tushe, irin wanda ke cikin shuni, sa'an nan daga 1994 Stephen Buchwald da John Hartwig, kowa a ɗakinsa, suka buɗe hanyar ɗaura naitirojin kai tsaye a jikin zobe.

Yanzu sai a dubi ranar girbi. Maganin hawan jinin nan losartan, wanda likitocin ƙasar nan ke rubuta wa dattawa kullum, kuma yake cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙashin bayansa zobba biyu ne na benzin da aka ɗaura, da wasu zobba biyu masu naitirojin. Masana na kamfanin DuPont ne suka gano shi, aka ba da iznin sayar da shi a Amurka a 1995, kuma hanyar da kamfanin Merck ya tsara ta ƙera shi da yawa ta bi ta kan haɗin Suzuki. Daga gwajin Brown na 1956 zuwa ranar da maganin ya shiga kanti, shekara 39 ke nan. Montelukast na masu fuka ya bi ta kan haɗin Heck. Boscalid na kamfanin BASF, da ake fesa wa amfanin gona don kashe funfuna, ana yin sa da haɗin Suzuki, fiye da tan dubu a shekara. Wani nazari da aka buga a 2016 a kan hanyoyin da masu neman sababbin magunguna suka fi bi ya sa haɗin Suzuki cikin na sahun gaba ƙwarai. Har ma wasu masana sun fara kokawa cewa sauƙin hanyar ya sa malalaci ya samu wurin fakewa, ana ta ƙera sinadarai shimfiɗaɗɗu masu kama da juna don su ne ke da sauƙin yi, alhali jikin ɗan Adam ya fi karɓar masu lanƙwasa. Kukan yana da tushe, amma kukan ƙoshi ne.

Adalci ya wajaba a yi wa waɗanda suka juya wa Heck baya. Ba mugaye ba ne, ba kuma jahilai ba. A shekarun 1970 da farkon 1980 ba mutane da yawa ne suka ɗauki haɗin nasa da muhimmanci ba, masana'antu ba su rungume shi ba tukuna, kuma kwamitin da ke raba kuɗi yana da ɗaruruwan masu nema a gabansa. Kuskuren yana cikin ma'aunin. Idan tambayar da ake yi wa mai bincike ita ce me ya sayar bana, ko mutum nawa suka ambaci sunansa bara, to duk aikin da ya riga zamaninsa zai faɗi jarrabawa, gama alamar irin wannan aiki ke nan, mutane ba su iso wurin ba tukuna. Heck ya rasu a Manila a watan Oktoba na 2015, shekara biyar bayan karɓar lambar, Negishi kuma a 2021. Abin lura a nan, Suzuki bai yi wa hanyarsa rajistar mallaka ba, haka ma Negishi, saboda haka kowane kamfani da kowane ɗalibi a duniya yana da damar amfani da su ba tare da biyan ko kwabo ba. Albashin jami'a da kuɗin bincike na jama'a su suka ɗauki nauyin mafi yawan aikin, ribarsa kuwa ta watsu ko'ina, ta yadda babu wani akanta da zai iya komar da ita shafin da aka rubuta kashe kuɗin.

Sai dai ginin nan duka yana tsaye ne a kan ƙafa siririya. Faladiyam ɗin da ake haƙowa a duniya a shekara bai wuce tan ɗari biyu ko kusa da haka ba, kuma wajen kashi huɗu cikin biyar yana fitowa ne daga ƙasashe biyu, watau Rasha, musamman yankin Norilsk a can ƙuryar Saibiriya, da Afirka ta Kudu. Zimbabuwe da Kanada da Amurka suna ba da ɗan abin da ya samu. Masu haɗa magunguna ma ba su ne manyan masu saye ba. Kaso mafi girma yana tafiya ne cikin salansar motoci masu amfani da fetur, cikin abin nan mai kama da saƙar zuma da ke tace hayaƙi, wanda makanikan ƙasar nan ke kira "indomi". Duk mai tsohuwar mota da ya taɓa mamakin dalilin da ya sa ake sayen wannan abu da tsada, ko ake sace shi, to ga dalilin: ƙurar faladiyam da filatinam da ke jikinsa ake bi. Saboda haka farashin ƙarfen da ake haɗa maganin hawan jini da shi yana rawa ne da kiɗan kasuwar motoci da na siyasar duniya. A farkon 2016 oza ɗaya tana wajen dala 500. A watan Maris na 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukiren, ta haura dala 3,000. A farkon 2024 ta sauko ƙasa da dala 1,000. Ba kuma kuɗi kaɗai ake biya ba: ran 16 ga Agusta na 2012 'yan sandan Afirka ta Kudu suka harbe ma'aikata 34 masu yajin aiki a Marikana, a yankin da ake haƙo waɗannan ƙarafa.

Akwai wata ɗawainiyar kuma. Dillalin ba ya cin la'ada, amma yakan bar sawunsa a cikin kaya, kuma ƙa'idar da hukumomin magunguna na duniya suka amince da ita ba ta yarda mai shan magani ya haɗiyi faladiyam fiye da maikirogiram 100 a rana ba, watau kashi ɗaya cikin dubu goma na giram. Dole ne masana'anta ta tace shi, ta auna, ta tabbatar, kuma wannan aiki ne mai cin kuɗi da ƙwarewa.

Waɗannan dalilai su suka sa masana suka koma neman dillali mai araha. Nikel ya fi faladiyam araha fiye da ninki dubu, kuma yana iya wasu haɗe-haɗen da faladiyam ke jin nauyinsu. Jan ƙarfe ya dawo da sabon salo wanda ba ya bukatar zafin zamanin Ullmann. Baƙin ƙarfe, wanda Jay Kochi ya gwada tun 1971 aka yi watsi da shi shekaru da dama, shi ma an koma kansa. Wasu suna amfani da hasken fitila ko wutar lantarki don zuga haɗin, wasu suna yin sa a cikin ruwa da ɗan mitsitsin faladiyam, wasu kuma suna neman yadda za a ɗaura abu a jikin zobe ba tare da an fara liƙa masa alama ba. Kada dai a ɗauka an gama. Nikel yana da tasa gubar, akan bukaci a zuba shi da yawa, baƙin ƙarfe kuma yana da taurin kai, ba kullum yake bin hanyar da aka shata masa ba. Fagen ma yana da ramuka. A 2003 wasu masana a Landan suka ba da labarin cewa sun yi haɗin Suzuki ba tare da wani ƙarfe ba, bayan shekara biyu su da kansu suka dawo suka ce sun gano ɓurɓushin faladiyam, kashi 50 cikin biliyan, a cikin wani sinadari ɗan'uwan kanwa da suke zubawa, kuma shi ne ke yin aikin a ɓoye. A 2021 aka sake buga irin wannan da'awa a wata babbar mujalla, kafin shekara ta ƙare aka janye ta saboda dalili iri ɗaya. Wannan ya nuna ƙarfin ƙarfen, ya kuma nuna cewa mai bincike marar na'urar awo ta ƙwarai yana iya yaudarar kansa da zuciya ɗaya.

Mai karatu yana iya cewa duk wannan sha'anin ƙasashe masu arziki ne. Ƙasar da yara ke karatu a gindin bishiya, kwalara kuma ke kashe mutane duk damina, ina ruwanta da halin boron? Tun da masu ilmin sun bar shi kyauta, ai sai a jira su gama a ɗauka. Wannan magana ba ta wauta ba ce, kuma gaskiya ne cewa rijiyar burtsatse da allurar rigakafi sun fi gaggawa. Inda ta gaza shi ne zaton cewa ilmi kaya ne da ake saukewa a tashar jirgin ruwa. Maƙalar Suzuki tana nan a buɗe fiye da shekara arba'in, amma ba ta amfani kowa sai ƙasar da ke da mutanen da hannunsu ya saba da aikin. Afirka ta Kudu tana zaune a kan faladiyam, duk da haka mafi yawan sinadaran da take haɗa magunguna da su daga waje take sayo su. Mallakar dutsen bai ba ta sana'ar ba. Indiya kuwa ba ta cikin masu haƙo shi, amma dokar mallakar fasaha da ta kafa a 1970, wadda ta kare hanyar ƙera magani kaɗai ba maganin kansa ba, ta tarar da dubban masana sinadarai da jami'o'i da cibiyoyin binciken gwamnati suka riga suka horar, irin su na Pune da Haidarabad, sai suka duƙufa neman sababbin hanyoyin ƙera tsofaffin magunguna. Sakamakon ya iso Afirka a 2001, sa'ad da kamfanin Cipla ya yi tayin magungunan ƙanjamau guda uku a kan dala 350 a shekara, alhali a Turai da Amurka kuɗinsu ya haura dala 10,000.

Nijeriya tana da kamfanonin magunguna, amma mafi yawan aikinsu shi ne su sayo garin maganin daga Indiya ko Sin, su gauraya, su buga ƙwaya, su zuba a kwali. Aiki ne mai amfani, sai dai wurin da ake ɗaura zobe da zobe yana can ƙetare. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta kunno kai, gwamnatin Indiya ta taƙaita fitar da sinadarai da magunguna iri 26, har da farasitamol, domin ita ma kaso mai yawa na kayan haɗinta daga Sin take samu. Takunkumin bai daɗe ba, amma ya isa ya nuna wa kowa inda makullin yake. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma masanin da zai iya tsara hanyar ƙera magani ba a yin sa a ƙasa da shekara goma. Tun 1980 shugabannin Afirka suka amince a Legas cewa kowace ƙasa za ta riƙa ware kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da take samarwa domin kimiyya da fasaha, mafi yawansu kuwa har yau ba su kai ko kusa ba.

Abin da ake bukata bai kai tsadar da ake zato ba. Ilmin haɗa sinadarai ba ya neman jirgin zuwa wata. Kayan aikinsa kwalabe ne da murhu da sinadarai, sai na'urori kaɗan masu tsada na tantance siffar abin da aka haɗa da auna ɓurɓushin ƙarfe, waɗanda ke bukatar wutar lantarki marar yankewa da ma'aikacin da ya san gyaransu. Ba dole ne kowace jami'a ta mallaki nata ba. Cibiya ɗaya ingantacciya a kowace shiyya, wadda ƙofarta ke buɗe ga malamai da ɗaliban dukan makarantun yankin, ta fi na'urori ashirin da aka ƙaddamar da biki sa'an nan aka lulluɓe da leda don babu kuɗin kula da su. Ya kamata a sassauta hanyar shigo da sinadaran bincike, domin wanda ya kwana wata shida a tashar jirgi sau da yawa ya riga ya lalace. Ya kamata kuma hukumomin jami'o'i su rage dogara ga ƙidayar maƙalu wajen ƙarin girma, gama wannan ma'auni yana koya wa malami ya yanka aiki ɗaya gida biyar, ya kuma guji duk tambayar da amsarta za ta daɗe.

Mafi wuya ga ma'aikatar kuɗi shi ne batun wa'adi. Tsarin da ke cewa duk kuɗin da ba a kashe ba kafin ƙarshen shekara ya koma baitulmali ya dace da sayen kujeru, bai dace da bincike ba. Asusun tallafa wa manyan makarantu da aka kafa da dokar 2011 yana da sashen bincike, kuma yana da ikon ware wani kaso, ko da ƙarami ne, ga ayyukan da za a ba shekara biyar cur, a bincika yadda aka kashe kuɗin kowace shekara ba sani ba sabo, amma a jinkirta tambayar sakamako. Tambayar da za a fara da ita ma tana nan a fili. Zoben da ke cikin kwinin da kulorakwin shi ne ƙashin bayan magungunan zazzaɓi da dama, ƙwayar cutar kuma tana ta koyon jure musu, kuma yadda za a rataya wa wannan zobe sababbin abubuwa da nikel ko jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe, cikin araha da tsabta, aiki ne da malami ɗaya da ɗalibai huɗu za su iya somawa a Zariya ko Kano ko Maiduguri, muddin akwai wuta a ɗakin da kuma na'urar da za ta gaya musu gaskiyar abin da ke cikin kwalbar.